Kwana biyu a Landan da aljihun ɗalibi: yadda za ka tsara tafiyar tun daga tikiti har dawowa

Ko a Coventry kake karatu, ko Leicester, ko Manchester, akwai tambayar da ba za ta bar ka ba duk sanda ka kira gida: "To, ka shiga Landan ɗin kuwa?" A wurin iyayenmu duk ƙasar nan Landan ce. Da ƙarar agogon Big Ben suka tashi a rediyo, kuma ba za su yarda ka zo Ingila ba sai sun ga hotonka a gindinsa.

Ni a Coventry na yi karatu. Shigata ta farko na rubuta wurare goma sha biyar a takarda, na ce sai na gama su a kwana biyu. Abin da ya faru shi ne rabin wunina ya ƙare a ƙarƙashin ƙasa, ina fita daga wannan jirgi ina shiga wancan, la'asar ta kuɓuce mini, ƙafafuna suka yi bororo, na dawo da hotuna amma ban ga garin ba. Daga baya na riƙa raka sababbin ɗalibai, a hankali na gane abin da ke aiki. Kwana biyu ba ya isar Landan, don haka kada ka yi kokawa da ita. Ka raba ta yanki-yanki, ka yi yawancin yawon da ƙafa, kuma ka ware rabin wuni ga unguwannin da mutane ke zaune. Birni ne mai mutum kusan miliyan 9, kuma ƙidayar 2021 ta nuna cewa kusan huɗu cikin kowane goma ba a Birtaniya aka haife su ba. Wanda ya tsaya ga fadoji da gadoji kawai, ginin ya gani, bai ga jama'ar ba.

Sunayen tashoshi da tituna zan bar su yadda za ka gan su a allo, don kada ka ɓata.

Mataki na farko: zaɓen ranar

Ka fara da kalandar makaranta. Kada ka sa tafiya a ƙarshen makon da za ka miƙa aiki ranar Litinin, domin zuciyarka za ta rabu biyu, ba yawon ba karatun.

Sai ka duba tsawon rana. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk suna matse cikin 'yan sa'o'i. A watan Yuni kuwa har bayan ƙarfe 9 na dare akwai haske. Tsarin da zan ba ka ya fi daɗi daga Afrilu zuwa Satumba. Idan da hunturu za ka je, ka rage wuri ɗaya ko biyu, ka fito da wuri.

Abubuwa biyu suna kama baƙo. Na ɗaya, ana sauya agogo a daren Lahadin ƙarshe ta Maris, a ƙara sa'a guda, sannan a mayar da ita a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Idan tafiyarka ta faɗa a ɗaya daga cikinsu, ka lura da lokacin motarka. Na biyu, ƙarshen mako ne lokacin gyaran hanyoyin jirgi. Ana iya rufe layi ɗungurungum ranar Lahadi a sa bas a madadinsa, tafiyar sa'a ɗaya ta koma biyu da rabi. Shafin National Rail, na jiragen ƙasan Birtaniya, da na TfL, hukumar sufurin Landan, suna sanar da wannan tun da wuri. Ka duba kafin ka biya kuɗi.

Mataki na biyu: bas ko jirgin ƙasa

Bas ta fi araha, jirgi ya fi sauri. Daga Coventry zuwa tashar Euston kimanin sa'a ɗaya ne a jirgi mai sauri, daga Manchester sa'a biyu da 'yan mintoci. Bas za ta ninka wannan, wani lokaci har da ƙari idan an yi cunkoso a bakin gari. Kamfanonin bas na National Express da FlixBus galibi a Victoria Coach Station suke sauke mutane, kuma wannan tashar daban take da tashar jirgi ta Victoria, akwai 'yar tafiya ta kusan minti goma tsakaninsu. Na ga waɗanda mota ta bari saboda wannan kaɗai.

Idan jirgi ka zaɓa, ka sayi tikitin da ake kira Advance tun makonni biyu ko uku kafin ranar. Yana da sauƙin kuɗi, amma na jirgi ɗaya ne tak a lokaci ɗaya tak, idan ka makara ya tafi da kuɗinka. Ka kuma mallaki katin rangwame na 16-25 Railcard, wanda ke cire maka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. A 2025 fam 35 ne a shekara. Da yawa daga cikinmu da muka zo digiri na biyu mun haura shekara 25, sai mu ɗauka ba namu ba ne. Namu ne, matuƙar kai cikakken ɗalibi ne, makaranta za ta sa maka hannu a takardar shaida. Tafiya biyu ko uku ta isa ya mayar maka da kuɗinsa.

Shawarata: ka tafi Juma'a da yamma bayan an sauko daga masallaci idan kana da masaukin kyauta. Idan biya za ka yi, ka kama motar asubar Asabar, ka tsira da kuɗin kwana ɗaya.

Mataki na uku: masauki

Nan ne kuɗi ke zurarewa. Idan kana da ɗan'uwa ko ɗan garinku a Landan, ka neme shi, amma da ladabi. Ka sanar da shi tun mako biyu, ka faɗi ranar zuwa da ranar tafiya ƙarara. Gidajen Landan ƙanana ne, haya tana da tsada, mutumin da ka sani da babban gida a Kano wataƙila ɗaki ɗaya yake ciki da iyalinsa a nan. Idan ya ce babu wuri, kada ka riƙe shi a zuci. Idan ya ce ka zo, kada ka zo hannu rabbana, ko dabino ko ɗan yajin da aka aiko maka daga gida ya isa. Sannan ka nemi lambar unguwarsa ka duba a taswira, domin wanda ya ce maka "ina Landan" yana iya zama a inda sai ka yi sa'a ɗaya da rabi kafin ka iso tsakiyar gari.

Idan babu kowa, akwai gidajen kwanan matafiya inda ake biyan gado maimakon ɗaki, irin na YHA. Ka karanta bayanin ɗakin da kyau kafin ka biya, saboda da yawa maza da mata ake haɗawa. Ƙanwata, ke musamman, ki nemi ɗakin da aka rubuta na mata zalla ne, kuma ki tafi da ƙaramin kwado don akwatin ajiya. Idan ku uku ne ko huɗu, ku lissafa kuɗin ɗakin otal irin Travelodge ko Premier Inn ku raba, sau da yawa bambancin ba shi da yawa, ga banɗaki naku na kanku da wurin shimfiɗa sallaya. A lokacin dogon hutu wasu jami'o'in Landan, irin su LSE da UCL, suna ba da hayar ɗakunan ɗalibansu ga baƙi, kuma a tsakiyar gari suke.

Kada araha ta ja ka can bayan gari. Abin da ka rage a gado, jirgi zai karɓe shi, ya haɗa da lokacinka.

Mataki na huɗu: jaka

Jakar goyo ɗaya, ba akwati mai taya ba. Gidan tarihi na British Museum ba ya barin a shiga da irin wannan akwatin, kuma wuraren ajiyar kaya a tashoshi kuɗi ne mai ciwo. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, rigar da ruwa ba ya ratsa ta, caja da batirin ajiya, katin ɗalibi, sallaya mai naɗewa, da gorar ruwa. Gorar aiki biyu za ta yi maka: sha, da kuma tsayawa a madadin buta, tunda banɗakunansu takarda kawai ke ciki. Ruwan famfo a Landan ana sha.

Kada ka sa wuƙa ko wace iri a jaka, ko da ta yankan lemo ce. Dokar ɗaukar wuƙa a bainar jama'a tana da tsanani, ana binciken jaka a ƙofar manyan wurare, kuma kai da takardar zamanka ta karatu ce ba ka da sararin shiga irin wannan rigima.

Mataki na biyar: koyon sufurin gari

Wannan ne abin da ke tsorata sabon zuwa, alhali minti goma ya isa ka iya shi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda 'yan gari ke ce wa Tube, tun 1863 yake aiki, shi ne na farko a duniya. Layuka 11 ne, kowanne da launinsa. Ba ka bukatar tikitin takarda. Katin bankinka na nan Ingila, ko wayarka, shi za ka ɗora a kan zagayen nan mai ruwan ɗorawa a ƙofar shiga, ka sake ɗorawa a ƙofar fita. A bas kuwa sau ɗaya ne, wurin shiga kawai. Bas ɗin Landan ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

Ka riƙe wannan da kyau: kati ɗaya za ka yi amfani da shi daga safe har dare. Akwai iyakar da idan kuɗin da aka cire maka ya kai ta, sauran tafiye-tafiyen ranar kyauta ne. A 2025 iyakar fam 8.90 ce ga wanda bai fita yanki na 1 da na 2 na taswirar Tube ba, wato tsakiyar gari da kewayensa. Idan ka shiga da kati ka fita da waya, na'ura za ta ɗauke ku mutum biyu, ta caje ka kuɗi mafi yawa sau biyu. Idan kana da Railcard, ka sayi katin Oyster, wato katin sufurin Landan da ake zuba wa kuɗi, ka roƙi ma'aikacin tasha ya haɗa maka su, rangwamen zai bi ka har cikin Tube a ranakun Asabar da Lahadi.

Kuɗin bas fam 1.75 ne a 2025, kuma duk bas ɗin da ka ƙara shiga cikin sa'a guda ba a ƙara cire maka komai. Ni bas na fi so. Ka hau bene, ka zauna a gaba, garin yana wucewa a idonka. Taswirar Tube tana ruɗi, ba ta nuna ainihin nisa, akwai tashoshin da tafiyar ƙafa tsakaninsu ba ta kai lokacin da za ka ɓata wurin sauka da hawa ba. Manhajar Citymapper ko TfL Go za ta nuna maka.

A matakala mai tafiya da kanta, ka tsaya a hannun dama, hagu na masu sauri ne. Ka bari masu sauka su fito kafin ka shiga. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka.

Mataki na shida: safiyar Asabar

Ka fito tashar Westminster da misalin ƙarfe 8 da rabi, kafin taro ya cika. Kana ɗaga kai za ka ga hasumiyar. Big Ben sunan ƙararrawar da ke ciki ne, mai nauyin fiye da tan 13, wadda ta fara bugawa a 1859. Ita hasumiyar tun 2012 sunanta Elizabeth Tower. Ka tsaya har ta buga ƙarfe 9, ka naɗi sautin ka aika wa Baba, zai gane shi kafin ka yi bayani.

A kan gadar Westminster za ka ga masu wasan kofi uku da 'yar ƙwallo, mutane sun kewaye su ana ta "cin" kuɗi. Irin 'yan kartar tasha ne, masu cin ma yaransu ne. Wuce abinka. Haka kekunan nan masu fitilu da kiɗa da ke ɗaukar fasinja, kada ka hau ba tare da an yanke farashi ba, gara ma kada ka hau. Wayarka kuma kada ka riƙe ta sakaka a bakin titi, masu fizge suna zuwa a kan keke mai lantarki, kafin ka juya sun sha kwana.

Ka zagaya dandalin Parliament Square, akwai mutum-mutumin Nelson Mandela da na Gandhi. Cocin Westminster Abbey, inda ake naɗin sarautar Ingila tun 1066, ka kalle ta daga waje, kuɗin shiga ya yi wa ɗalibi yawa. Sai ka miƙe titin Whitehall. A hagu akwai ƙofar ƙarfe ta Downing Street, gidan firaminista. Gaba kaɗan sai Horse Guards, inda dogarai ke zaune a kan dawakai tun daga ƙarfe 10. Duk wanda ya tashi yana kallon hawan sallah zai tsaya a nan ya duba sirdi da linzami. Ka duba da ido, kada ka taɓa, dokin yana cizo, dogarin kuma zai daka maka tsawa.

Ka bi ta ƙarƙashin ginin ka ratsa lambun St James's Park har fadar Buckingham. Bikin sauya masu gadi ba kullum ake yi ba, kuma galibi ba a yi ranar Asabar, don haka kada ka tsaya jira. Hoto ɗaya, ka juyo ta babban titin The Mall. A hannun hagunka, bayan itatuwa, akwai Lancaster House. Ba a shiga, kuma yawancin masu wucewa ba su san da shi ba, amma a cikinsa aka yi tarukan tsarin mulkin Najeriya na 1957 da 1958. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo duk sun zauna a nan, kuma a taron 1958 aka tsayar da 1 ga Oktoba 1960 a matsayin ranar 'yancin kai. Duk sanda na kawo ɗalibai nan sai na tsayar da su minti biyar. A ganina wannan ginin ya fi fadar kanta kusa da mu.

The Mall zai kai ka dandalin Trafalgar. Ofishin jakadancin Najeriya yana nan kusa, a Northumberland Avenue, ka san wurin tun yanzu ko don ranar sabunta fasfo. Gidan zane-zane na National Gallery kyauta ne, kuma ko zane bai dame ka ba, akwai banɗaki mai tsabta da wurin hutawa.

Mataki na bakwai: bas mai lamba 15, zuwa gabas

Daga nan ka hau bas 15 mai zuwa gabas. Da kuɗin bas ɗaya za ta nuna maka abin da motocin yawon buɗe ido ke karɓar kuɗi masu yawa a kai. Tana bi ta Aldwych, inda Bush House yake. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 13 ga Maris 1957, a wannan gini ya yi shekaru masu yawa kafin a tashi daga cikinsa a 2012. Yanzu jami'ar King's College ce ke amfani da shi. Sai ta wuce cocin St Paul's mai babbar ƙubba, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1666, ta sauke ka a Tower of London.

Wannan ganuwa ta kusa shekara dubu, kuma a ciki ake ajiye kambunan sarauta. Kuɗin shiga ya haura fam 30 ga babba, kuma tana cin sa'a uku. Ni na bar ta sai zuwa na uku. Ka zagaya ta waje, ka taka gadar Tower Bridge, wadda aka buɗe a 1894, mai hasumiya biyu, wadda tsakiyarta ke ɗagewa jiragen ruwa su wuce. Ita ce wadda kake gani a hotuna. London Bridge wata gada ce daban, fili kawai, kada ka sa sunanta a manhaja ka sha mamaki. Idan kana son kallon garin daga sama, lambun Sky Garden da ke saman wani dogon bene a nan kusa kyauta ne, amma sai ka kama gurbi ta intanet makonni kafin ranar.

Yanzu azahar ta yi. Tafiyar minti ashirin da ƙafa za ta kai ka Whitechapel, kuma a nan Landan ta biyu ke farawa. Masallacin East London Mosque, wanda aka buɗe a 1985, yana bakin babban titi, kuma ana kiran sallah da lasifika a wasu lokutan rana. Ranar da na fara jin kiran sallah a sararin titi bayan watanni ban ji ba, tsayawa na yi cak a gefen hanya. Akwai wurin alwala mai kyau, kuma mata suna da ginin Maryam Centre a jikinsa. Ka dubi sahu: Bangali, Basomale, Balarabe, Baturke, Bature da ya musulunta, Bayarabe. Musulmi sun kai kashi 15 cikin ɗari na mutanen birnin bisa ƙidayar 2021, kuma magajin garin tun 2016, Sadiq Khan, ɗan direban bas ne da ya zo daga Pakistan. Game da kasaru, nisan da malamanmu na Malikiyya ke ambata kimanin kilomita 80 ne, Coventry kuwa ta ninka hakan kusan sau biyu, amma ka tambayi malaminka yadda za ka yi tun kafin ka taso.

A nan za ka ci abincin rana. Gidajen abincin halal ne jere, shinkafar biryani da gasasshen nama, a farashin da bai kai na tsakiyar gari ba. Wasu suna liƙa shaidar HMC ko HFA, hukumomin tantance halal, a ƙofa. Inda ba ka ga komai ba, ka tambaya, ba abin kunya ba ne a nan. A gidan abinci na zama, ka duba takardar kuɗi, sau da yawa an riga an ƙara kashi 12.5 na hidima, ba sai ka ƙara wani abu ba.

Bayan ka ci, ka shiga titin Brick Lane. Akwai wani gini a kusurwar Fournier Street da nake so ka tsaya a gabansa. Furotestan Faransa da suka gudo daga tsangwama su suka gina shi coci a 1743. Daga baya ya koma hannun Kiristocin ɗariƙar Methodist. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai suka mayar da shi wurin ibadarsu. A 1976 Bangalawa suka mayar da shi masallaci. Gini ɗaya, baƙi kashi-kashi, kowa ya zo da tsoronsa da sana'arsa, ya kafu, 'ya'yansa suka matsa gaba, wani ya gaje wurin. Duk wanda ya san yadda zango ke kafuwa a Kumasi ko Accra zai gane wannan labari ba tare da tafinta ba. Allunan titin ma da Turanci da rubutun Bangali suke.

Da yamma, daga tashar Whitechapel ka hau jirgin Overground, wanda daban yake da Tube, mai zuwa Clapham Junction ka sauka a Peckham Rye. Layin tun 2024 sunansa Windrush, sunan jirgin ruwan da ya kawo 'yan Karibiyan a 1948. Titin Rye Lane shi ake wa laƙabi da ƙaramar Legas: doya a tsibe, manja, busasshen kifi, attaruhu, kuɓewa, masu kitso, masu aika kuɗi gida. Yarbanci za ka fi ji, amma ka saurara, ba a rasa mai tsire da zai amsa maka sallama da Hausa. Nan za ka yi cefanen da babu shi a garin da kake karatu. Ka dai tuna jakar a bayanka za ta wuni gobe.

Ka koma masauki da wuri. Wasu layukan Tube suna kwana suna aiki daren Juma'a da Asabar, amma ƙarfinka na gobe ne. Lambar gaggawa 999 ce, ta rashin lafiyar da ba ta kai gaggawa ba kuma 111.

Mataki na takwas: Lahadi

British Museum yana buɗewa ƙarfe 10. Shiga kyauta ne, amma ka kama tikitin lokaci ta intanet don kada ka tsaya dogon layi. An kafa shi a 1753, kuma wanda ya ce zai gama shi a wuni ɗaya bai san girmansa ba. Ɗakuna uku sun ishe ka. Ɗaki na 4, inda dutsen Rosetta yake, wanda da shi aka warware rubutun Fir'aunoni. Ɗakuna na 42 da 43 na duniyar Musulunci, da aka buɗe a 2018. Sannan ka sauka ƙasa zuwa ɗaki na 25, na Afirka.

A nan za ka ga allunan tagulla na Benin a jere. Sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a 1897, lokacin da suka ƙone birnin suka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, shekara shida kafin su shigo Kano da Sakkwato. Gidan yana riƙe da kayan Benin kusan guda 900. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar nata a 2022, haka gidan tarihi na Horniman da ke nan Landan ya miƙa guda 72 a shekarar, amma British Museum yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi fitar da kayansa. Ka dubi aikin da kyau, ƙirar sulke da murjani da fuskoki. Ni abu biyu nake ji a ɗakin nan lokaci guda, alfahari da ɓacin rai, kuma ban taɓa fitowa da ɗaya ba tare da ɗayan ba. Kada ka yi sauri a nan.

Idan ka fito ta ƙofar baya, tafiyar minti biyar za ta kai ka SOAS, kusa da Russell Square, makarantar da ta daɗe tana koyar da Hausa. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, ya koyar a cikinta. A wannan unguwa ce kuma Tafawa Ɓalewa ya yi karatun malanta a 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya biyo bayansa. Su ma ɗalibai ne a lokacin, da sanyin nan da kewar gida.

Azahar a babban masallacin Regent's Park, mai ƙubbar zinariya, wanda aka kammala a 1977. Daga Euston Square ka hau jirgi zuwa Baker Street, sai 'yar tafiya. Daga masallacin ka gangara Edgware Road, unguwar Larabawa, ka ci shawarma ka sayi dabino. Ƙarshen titin shi ne Marble Arch, kuma a kusurwar lambun Hyde Park akwai Speakers' Corner, inda duk Lahadi kowa ke hawa kan ɗan akwati ya faɗi ra'ayinsa. Za ka ji muhawarar addini da ta siyasa, za ka ji abin da zai sosa maka rai. Ka saurara, kada ka shiga. Akwai masu neman wanda zai fusata su ɗauke shi a bidiyo su watsa, kuma kai karatu ya kawo ka.

Oxford Street yana nan a gefe idan akwai tsarabar da za ka saya, amma doka ta taƙaita manyan kantuna ga sa'a shida ranar Lahadi, zuwa ƙarfe 6 sun rufe.

Wani zai ce ina Greenwich, inda layin agogon GMT da muke ji a rediyo ya ratsa, layin da ya gangara har ya bi ta Tema a Ghana? Ina filin Arsenal da na Chelsea? Kowannensu rabin wuni ne. Idan ɗaya ya fi maka Edgware Road, ka musanya shi da yammacin Lahadi, amma kada ka ƙara shi a kai. Tikitin kallon wasa kuma kada ka saya a hannun wani a bakin fili, sayar da shi haka laifi ne a dokarsu, kuma sau da yawa na bogi ne.

Mataki na ƙarshe: dawowa

Kada ka sayi tikitin motar ƙarshe ta dare. Ka ɗauki ta ƙarfe 6 ko 7, ta yadda idan wani abu ya gifta akwai wata a bayanta. Daga Marble Arch zuwa Victoria tafiya ce gajera a bas, amma ka ba ta minti arba'in, ka isa tasha saura rabin sa'a. Banɗakunan manyan tashoshin jirgi kyauta ne, ka yi alwala kafin ka hau. Ka sayi burodi da ruwa a kanti, ka tabbatar da saura caji a waya tunda tikitin a cikinta yake, ka aika wa mai masaukinka saƙon godiya kafin mota ta tashi. Washegari ka buɗe asusun TfL ka duba abin da aka cire maka, idan akwai tafiyar da ka manta ba ka ɗora kati wurin fita ba, a nan za ka nemi a mayar maka da rarar.